Wata Huɗu a Gindin Injin Ba Kyari

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni. Ranar da Ba Kyari, wato Baba Kyari a bakin Barebari, ya tambaye ni ko na san injin ban ruwa, na ce masa a cikin inji aka haife ni. Gaskiyar magana kuwa, duk sanin da na yi wa inji a duniya bai wuce wata rana da na riƙe wa kawuna sukuddireba yana gyaran janareta a Gumel ba, kuma janaretan bai tashi ba. Amma ga ni tsaye a kasuwar tattasai ta Diffa, kwana biyu rabona da abinci mai miya, ga dattijo mai dogayen tsage a fuska yana neman yaron lambu. Da jirgin sama ya tambaye ni ko na iya tuƙawa, da na ce masa wane iri.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Tare da ɗan kawuna Auwalu muka zo, shi ne mai katin shaida kuma mai bakin magana da jami'ai. A kowane shinge shi yake sauka ya yi bayani, ni kuwa in lafe a bayan kaya in yi fuskar ƙaramin yaro. Da muka yi mako ɗaya a Diffa sai ya ji labarin haƙar zinare can cikin hamada, ya ce in jira shi wata ɗaya. Ya bar mini bargo da nasiha. Takardar da nake da ita kaf ita ce katin makarantar da na gudu na bari, shi ma ruwa ya taɓa jiƙa shi har hotona ya koma kamar na ɗan akuyan da aka tsorata.

A Diffa, saurayi baƙo marar takarda ba abin dariya ba ne. Garin ya sha wuya a hannun 'yan bindiga, kusan kowane gida akwai wanda aka rasa. Hanyar fita gari akwai shinge, hanyar gangarawa kogi akwai shinge, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da yake wucewa da ni kullum kalma biyu ce daga bakin Ba Kyari. In amalankenmu ya iso shinge, soja ya nuna ni da haɓa, sai dattijon ya ce, "Yarona ne." Shi ke nan, mu wuce. Tun makon farko na gane cewa ranar da ya daina faɗin kalmomin nan, ba ni da hanyar lambu, ba ni kuma da hanyar gida.

Lambun yana bakin kogin Komadugu, tafiyar kamar awa ɗaya a amalanken shanu, don an hana babur a yankin tun kafin in zo. Tattasai ne, fangali bayan fangali, har ido ya gaji. Mu uku ne ma'aikata: ni, da Modu, wani siririn Babarbare ɗan Tumur da rikici ya koro da iyalinsa, da wani Bukar wanda ba a ganin haƙoransa sai in an kawo abinci. Ba wanda ya wahalar da kansa wajen riƙe sunana. Afuno suke ce mini, wato Bahaushe da yarensu.

Ranar farko Ba Kyari ya nuna mini injin a kan gaɓa, ya ce in tayar. Na zagaya shi sau uku kamar mai sayen rago. Na ja igiya, shiru. Na sake ja, igiyar ta koma da ni har na kusa sumbatar tanki. Allah ya sa dattijon ya juya yana duba ganye. Modu ya matso kamar zai gyara takalmi, ya buɗe makunnin mai da babban yatsan ƙafarsa, ya wuce. Na ja, inji ya ɗauka. Na karkaɗe hannuwa, na ce ai daman irin waɗannan sai da lallashi.

Da rana muna cin burabisko Modu ya dube ni ya ce, "Afuno, kai ko fitilar ƙwai ba ka iya kunnawa ba."

Na roƙe shi da Allah da Annabi ya rufa mini asiri. Ya yarda, bisa sharaɗin ni zan riƙa ɗaukar jarkar mai, in kuma riƙa ba su labari, don ya lura bakina ba ya hutawa. Shi ya koya mini komai. Abin da ya fi nanatawa shi ne kogin. Komadugu ba a zaune take ba. Ta cika bayan damina, sannan ta riƙa ja da baya kullum, yatsa biyu, yatsa uku. Bakin tiyon da ke zuƙo ruwa yana cikin wani kwando a nutse, don kada ya sha laka. Modu ya ce kowace safiya, kafin in taɓa igiya, in tuɓe in shiga har ƙugu, in laluba kwandon da hannuna, in tura shi ƙasa. Kada in yarda da abin da idona ya nuna mini daga kan gaɓa. In tiyo ya zuƙi iska ya daɗe, inji ya ƙone.

Aikin kansa tsere ne. Man inji da takarda ake sayensa, jarka ɗaya, ba ƙari. Ba a gangarawa kogi sai rana ta fito, kuma dole a fice kafin la'asar. Saboda haka in an tayar da inji ba a kashewa. Ruwa yana bin hanyarsa, mu kuma muna gabansa da fartanya, a buɗe wannan fangali, a toshe wancan. Da muna mu uku abin har daɗi yake. Ni ne rediyon lambu. Na gaya musu tattasan Gumel in ya nuna yara a cikinsa suke ɓuya, kuma kakana ya taɓa kama kada da rawaninsa. Modu yana fassara wa Bukar, Bukar yana girgiza kai. Ranar Juma'a in ari wayar Modu in kira Umma, in ce mata an damƙa mini inji sukutum, mutane biyu suna ƙarƙashina. Sai ta ce in riƙa cin abinci. In na miƙa wayar, sai in ji ƙamshin miyar kukarta ya biyo ni har bakin kogi.

Na yi ƙoƙarin fita daga hannun kalma biyun nan sau ɗaya. Akwai wani mutum mai tabarau da jakar takardu da yake yawo a kasuwa, ya ce shi ya san kowa a ofis, zai yi mini takarda a kwana uku. Na ba shi albashina na farko gaba ɗaya. Ya cika alkawari kuwa, ya kawo takarda da Faransanci, har da hatimi biyu. Na ɗauke ta na nufi rumfar Ya Falmata, wata mai sayar da shinkafa da wake a gefen kasuwa, 'yar gudun hijira daga tsallaken kogi, wadda take ƙara mini cokali ɗaya in ba kowa. Ina ta ɗaga takardar ina fifita da ita. Wani ma'aikacin ofis da ke cin abinci a wurin, Kirista daga can yamma, ya ce in ba shi ya gani. Ya karanta, shinkafa ta kusa sarƙe shi. Takardar rigakafin shanu ce. A cewarta ni bijimi ne ɗan shekara uku, kuma lafiyata ƙalau. Da ya gama dariya ya ce kada in kuskura in nuna wa soja, ya yayyaga ta da hannunsa, ya saya mini abinci da nama. Mai tabarau kuwa ban sake ganinsa ba.

A wata na uku Bukar ya tafi kamun kifi. Bayan mako biyu aka aiko wa Modu mahaifiyarsa ba lafiya, ya kwashe iyalinsa ya bi ta. Ranar da muka rage mu biyu, Ba Kyari ya ce mini a kan amalanke akwai wani ɗan garin Barwa da ke neman aiki, shekara goma yana ban ruwa, ko ya kawo shi mu zama biyu. Na san mutumin nan safiya ɗaya ta ishe shi ya gane ni, kuma in mai lambu zai riƙe mutum ɗaya in an matsu, ba ni zai riƙe ba.

"Ba, me za a yi da wani?" na ce. "Ni kaɗai na isa. Su Modu daman hira suke sa ni."

Shi gwiwarsa ɗaya ta lalace, iyakarsa ya tsaya a bakin tiyo ya nuna da sanda. Ya ce in tabbata. Na ce na tabbata. Ya kaɗa shanu.

Makon farko na yi ta yabon kaina. Daga na biyu abin ya sake. Ina buɗe wannan fangali wancan ya cika ya fashe, in ruga can na baya ya fashe. Gudun da na yi a lambun nan, da miƙe hanya na yi, da na je Gumel na dawo da tsaraba. Tafin hannuna ya koma bayan kada. Ƙafafuna suka tsattsage saboda laka da ruwa, har nakan ji tsoron kada kifi ya shiga ya yi gida. Ƙarar injin ta shiga kunnena ta kama haya. Ko a masallaci tana nan, tut-tut-tut, har in rasa raka'a ta nawa nake.

Daga nan ba ƙarin gishiri nake yi ba. Bakina ya mutu. Ni da Umma take cewa ko a barci ina ba da labari, sai ga shi mu je kogi mu dawo ban ce uffan ba. Abinci ya daina ɗanɗano. Da safe in na ji ana ɗaura wa shanu amalanke sai in zauna riƙe da takalmi ɗaya a hannu, na manta abin da ake yi da shi. Na fara jin haushin tattasan, tsiro-tsiro. Akwai wani a bakin fangalin ƙarshe da na tsana kamar ya cinye mini gado. Na daina kiran Umma, ba don rashin waya ba, don ba ni da ƙarfin shirya mata ƙarya. Ya Falmata ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na ce a'a. Da zazzaɓi ne ma da na ji daɗi, don shi an san sunansa, ana ba mutum magani ya kwanta.

Kuma ba inda zan faɗa. In na ce na gaji, ɗan Barwa yana nan yana jira. In na ce na bari, ina zan bi? Abin haushin ma, ƙasarmu ce a tsallaken kogin. Ina ganin bishiyoyinta kullum, dutse in na jefa da ƙarfi zai kusa kaiwa. Amma ba mai hankalin da zai tsallaka ta nan, kuma ko an tsallaka, dajin da ke can ba hanyar Gumel ba ce.

Ranar da abin ya faru tattasai yana tsakiyar fure. Ba Kyari ya wuce da ni shinge, ya sauke ni, ya ce zai leƙa wani lambu a gaba ya yi ta'aziyya. Da sanyi a safiyar, ƙafafuna kuma suna zogi. Na tsaya a kan gaɓa na leƙa. Ga inuwar kwando a cikin ruwa. Na ce wa kaina ai jiya na tura shi sosai, yau zai kai. Na ja igiya.

Wajen tsakar rana ƙaya ta soke ni. Na zauna a gindin goriba in cire, goribar da inuwarta ko kaza ba ta isa ba. Na tuna na kama ƙafata da hannu biyu. Ban tuna komai bayan wannan ba.

Shiru ne ya tashe ni. Wata huɗu rabona da jin shiru da rana. Na buɗe ido, ga warin roba da ta ƙone, ga Ba Kyari tsaye a kan injin, hannunsa a kan makashi. Bai dube ni ba. Ya naɗe wandonsa, ya gangara da gurguwar gwiwarsa har cikin ruwa, ya ɗago kwandon. Rabinsa a waje yake, har saman ya bushe.

"Ka shiga da safe?" ya ce.

A kullum ina da ƙarya ashirin a aljihu, amma ranar na laluba ban sami ko ɗaya ba.

"Ban shiga ba, Ba."

Bai zage ni ba, bai ɗaga sanda ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Muka ɗora injin a amalanke muka koma gari da rana tsaka, a shinge ya ce yarona ne, kamar kullum. Makaniki ya buɗe ya ce abin da ya narke a ciki sai an aiko daga Damagaram. Kwana tara aka yi. A kwanakin nan da bokiti muka yi ban ruwa, ni da shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, muna hawa gaɓa muna sauka. Abin da muke zubawa ƙasa take shanyewa kafin mu juya. Na ga furen yana zuba, fari-fari a gindin kowane tsiro, daga fangalin da ya fi nisa da kogi abin ya taho.

Safiyar da inji ya dawo, na fito daga zauren gidan inda nake kwana, na tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum zaune a wurina a kan amalanke, jarkar mai a tsakanin ƙafafunsa. Ba sai an gaya mini daga ina yake ba.

"Afuno, yau ka zauna," in ji Ba Kyari.

"Gobe fa, Ba?"

"Gobe ma."

Ya sallame ni da haƙƙina, bai rage komai ba. Bai ce in bar zauren ba, amma kafin su dawo na naɗe bargona.

Rumfar Ya Falmata na nufa. Na ce mata zan ɗan zauna a bayan itacen girkinta, sai na yi barcin kwana biyu, in ban da tashin salla da cusa abin da ta ajiye mini. Ta ce duk wanda ya tambaya ta gaya masa buhun gawayi ne. Da na farfaɗo ta sa ni wanke-wanke da cire wa busasshen tattasai hanci. Kwana goma sha ɗaya duniyata ba ta wuce kusurwa huɗu na kasuwar nan ba. In na hango kaki, ko na mai gadi ne, sai in zama mai tsananin sha'awar cikin tukunya. Na bi direbobin manyan motocin da ke lodin tattasai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba takarda ba kujera, ba za a tsare masa kaya a hanya saboda ni ba. Wani ɗan Damagaram ne ya tausaya, ya ce in samo takarda daga mai unguwa, amma sai wani magidanci sananne ya tsaya ya shaide ni.

Magidanci ɗaya na sani a duk faɗin Diffa. Na ce wa Ya Falmata gara in haɗiye buhun tattasai da in koma ƙofar gidan nan. Ta ci gaba da juya wake, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗana, ni da na baro gida tukunyata tana kan wuta," ta ce. "Har yau ban san wanda ya sauke ta ba. Kai naka gidan yana nan, uwarka tana ciki. Kunya ce kawai a tsakaninku. Tashi ka je ka ji ta."

Na je bayan la'asar. Na tarar da shi a ƙofar gida yana wanke laka daga ƙafarsa. Na durƙusa. Jawabin da na shirya tun daga kasuwa, mai shiga da fita, ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne ina so in tafi gida kuma ba mai shaidata. Ya gama wanke ƙafa ɗaya, ya wanke ɗayar. Sannan ya tambaye ni ko na ci abinci, ya ce in dawo da safe.

Da safe na tarar an ɗaura shanu, ɗan Barwa yana zaune yana kallon rana tana hawa. Na san abin da awa ɗaya take nufi a lambun nan. Ba Kyari ya ce masa ya jira, ya ɗauki sandarsa, muka taka har gidan mai unguwa, yana ɗingishi ina binsa. Ya yi bayani da Barbarci, sannan ya maimaita da Hausa, ina jin don in ji ne.

"Wata huɗu yana hannuna. Bai taɓa ɗaukar mini ko tsinke ba. Ya ƙona mini inji, ya kashe mini rabin lambu. Ku rubuta masa ya tafi wurin uwarsa."

Aka rubuta, aka buga hatimi, ya kuma raka ni wani ofis aka ƙara wani. A waje na yi ta godiya har na rasa ta yi, sai bakina ya suɓuce na tambaye shi ko in dawo baɗi.

"Ka zo gaisuwa," ya ce, ya juya wajen shanunsa.

A saman lodin tattasai na yi tafiyar, ina atishawa tun daga Diffa har Damagaram. An duba takardar a kowane shinge, an miƙo mini abata. Na isa Gumel ranar wata Talata da bargo da riga biyu. Umma ta mayar da ni makaranta, aka sa ni a ajin da na gudu na bari, tare da abokan ƙanena. Auwalu har yanzu bai dawo ba, yana dai kira jefi-jefi. Bayan watanni Modu ya same ni a waya. Shi ya gaya mini cewa a shekarar rabin abin da Ba Kyari ya saba samu ya tsinka, kuma ya sayar da sa ɗaya daga cikin biyun da ke jan amalanken.